Man Kanumfari a Gwiwar Habboba

A Abashe ne, cikin ƙasar Cadi, hancina ya fara gaya mini akwai matsala. Motar da ta ɗauko mu daga Fort Lamy, babban birnin ƙasar, ta tsaya a gindin wata bishiya ana gyaran taya, rana ta take, sai ɗaya daga cikin garewanin man kaɗanyar da muke tafe da su ta fara tsiyaya ta gefen murfi. Na sa yatsa na lakato na kai hanci, kamar yadda na saba tun ina ƙarama. Wannan ba man Kaka ba ne.

Sunana Rakiya, 'yar Randagi ce ni, ta ƙasar Birnin Gwari. Kakata Tani, wadda ta haifi babana, Bagwariya ce da ta san dajinmu fiye da yadda na san littafin makaranta. Ita ce mai man kaɗanyar da ake zuwa nema daga nesa. Takan dafa shi da ƙaron hano da ganyen tsaure, ta shafa wa mai kaushi da mai ciwon gaɓoɓi da jaririn da zafi ya feso wa. A bayanta na girma, don haka ko idona a rufe na san ƙamshin manta.

Shekarar da na gama sakandare a Zariya, wata mai fataucin turare daga Kaduna, Hajiya Dije, ta zo kasuwar Birnin Gwari ta saye man Kaka garwa shida. Ita ce ta gaya wa Baba tana da ƙawa a Umdurman ta ƙasar Sudan, mai gidan tatar man ƙamshi da gyaran jiki, tana neman yarinya mai boko da za ta karanta mata rubutun kwalaben da ake kawowa daga Indiya, ita kuma ta koya mata sana'a. Baba ya yi shawara da Kaka, suka amince. Haka na sami kaina a bayan mota da wannan mata.

Na matsa kusa da ita a inuwar, na rage murya.

"Hajiya, man nan an taɓa shi."

"Wa ya taɓa shi? Aljanu?"

"Akwai ƙarnin kitse a ciki. Da wani abu kamar kyandir." Sai a lokacin na duba sosai. Shida muka baro gida da su. Mun kwana uku a Maiduguri, yanzu ga garwa tara a jere.

Ta daina tauna goronta ta dube ni. "Ke 'yar boko. Ƙirgar garwa aka turo ki yi? Ina fasfonki?"

"Yana wurinki, Hajiya."

"To ki riƙa tunawa da haka."

Na goge yatsana a zane, na rungume jakata. A cikinta akwai wani ɗan tandu da Kaka ta cika mini da man da ta tace da hannunta, ta ce don tafin ƙafata a hanya. Tun daga ranar nake kwana da shi a jikina.

Daga Abashe zuwa Junaina, garin bakin iyakar Sudan, ƙasa ce mai faɗi, ba bishiya sai ƙaya. Ni da na tashi inda kaɗanya da ɗorawa da maɗaci ke haɗa kai har rana ba ta taɓa ƙasa, sai na riƙa jin kamar an yaye mini mayafi a tsakiyar kasuwa. A kan iyaka Hajiya ta shiga ofis ita kaɗai da takardunmu. Wata mai sayar da shayi ta ga ina share ido da gefen gyale, ta zuba mini kofi, ta ɗora dabino uku a cinyata. Na yi mata nuni ba ni da abin ba ta. Ta buge hannuna tana dariya, ta faɗi wata magana da Larabci. Har yau ban san me ta ce ba, amma na sha shayin nan har ƙasan kofi.

A Niyala muka hau jirgin ƙasa. Kwanaki muka yi a ciki, ƙura na shigowa ta taga, mutane har a kan rufi. Wata mata da ke gabana tana da jariri da wuyansa ya yi ja saboda zufa, yana ta tsala kuka. Na fiddo tandun Kaka na shafa masa kaɗan. Kafin mu kai tasha ta gaba ya yi barci. Uwar ta raba gurasarta biyu ta ba ni rabi. Hajiya na kallo, ta taɓe baki ta ce, "Likita bokan Turai."

Gidan Sitt Nafisa, ƙawar Hajiya, a Umdurman na jan ƙasa ne, da tsakar gida mai faɗi. Ita doguwa ce, ba ta da yawan magana, kuma ba ta jin Hausa ko kalma ɗaya. Allah Ya taimake ni da Inna Hauwa, wata dattijuwa mai yi mata aiki, wadda iyayenta Katsinawa ne da suka fito aikin hajji a ƙafa suka zauna a hanya. A can aka haife ta, amma Hausarta tsaf, sai dai ta tsofaffi.

Hajiya ta sauke garewaninta, aka jera su a ɗakin ajiya ba a buɗe ba, don Sitt ta ce sai lokacin sanyi za ta yi wa amare aiki da su. Kwana biyu Hajiya ta yi, ta ce za ta je bakin teku ta dawo. Ba ta dawo ba. Da mako ya cika na tambayi Inna ko ta bar mini fasfona.

Inna ta ajiye muciyar da ke hannunta. "Wane fasfo? Ai ta ce ke marainiya ce, ba ki da kowa, a hanya ta tsince ki."

"Inna, babana yana nan da ransa! Da uwata, da kakata!"

"La'ilaha illallahu." Ta rage murya. "To 'yar nan, wata matar Hajiya za ta tsallakar zuwa Jidda da takardarki. Ki yi shiru, kada ki fita ƙofar gida. A garin nan baƙon da ba shi da takarda, in hukuma ta kama shi, ba a san ranar fitowarsa ba."

Na yi shirun. Na kuma haɗa da shirun garewani, don na ga idan na faɗa za a ce tare muka haɗa baki.

Aikin gidan kuwa ya burge ni duk da tsoron da nake ciki. Akwai wata tukunyar tagulla mai murfi kamar hula, da bututu da ya ratsa cikin randar ruwan sanyi. A cika ta da ganye da ruwa, a hura wuta, tururi ya bi bututun ya huce ya riƙa ɗiga a kwalba. In ya kwanta sai ka ga wani ɗan siririn mai yana yawo a saman ruwan. Shi ake kwashewa. Buhu guda na ganye ba ya cika ɗan kofin shayi. Rannan aka kawo wata busasshiyar ciyawa, ana kunce ta na ji ƙamshin tsaure, irin wanda muke yanka a bakin rafin Randagi. Na zauna a ƙasa na fashe da kuka. Inna ta ce, "Ikon Allah, yau ga wadda ciyawa ta sa kuka. In aka kawo dawa kuma sai suma."

Sauran mayukan, na kanumfari da sandal da kirfa da lemo, a ƙananan kwalabe masu duhu suke zuwa. Aikina in wanke kwalabe in karanta rubutu. Sitt ta ce kada in taɓa na cikin, ba ta faɗi dalili ba, Inna kuma ta ce za a fara koya mini in bukukuwa sun lafa. Nakan ga Sitt tana ɗiga su ɗaya, biyu, uku a cikin man riɗi, tana ƙirgawa da leɓe. A raina na ce rowa ce. A garinmu in za ka shafa wa babba mai, tafin hannu kake cikawa. Yarinyar da ta lakato da ɗan yatsa ta nufi ƙafar kakarta, ranar za ta sha faɗa har maƙwabta su ji.

Akwai tsohuwa a gidan, mahaifiyar Sitt, kowa na kiran ta Habboba, wato kaka. Kullum tana kan gadon igiya a inuwa, gwiwoyinta a kumbure. Ba ma jin yaren juna, amma ita ce ta fara jawo ni. Takan kira ni "Rugayya", ta ɓoye mini gutsuren kisira, wata gurasarsu mai laushi, a gefen mayafinta. Yadda take murza gwiwa tana tsaki, sak Kaka Tani.

Wata safiya Sitt da Inna suka tafi gyaran amarya a unguwar gaba. Habboba ta yi ta nishi, ta kasa ko miƙe ƙafa. Na tuna Kaka takan daka kanumfari ta dafa a man kaɗanya saboda irin wannan ciwo. Na tuna kuma na karanta a jikin kwalba cewa man kanumfari yana kashe zogi. Na ce yau kam tsohuwar nan za ta ga yadda ake shafa wa manya mai a Randagi. Na ɗauko kwalbar, na tsiyaya har tafina ya cika, na durƙusa na murza mata a gwiwar dama da hannu biyu.

Da farko ta lumshe ido tana murmushi, tana shafa kaina. Can sai murmushin ya ɗauke. Ta fara fifita gwiwar da mayafi. Sai ta ƙwala ihu.

Fatar ta yi ja wur. Tafin hannuna ma ya ɗauki wuta. Na sheƙa mata ruwan buta, abin ya ƙara bazuwa zuwa ƙwauri, don ruwa ba ya ɗauke mai. Maƙwabciya ce ta ji ihun ta ruga ta kira su Sitt.

Sitt ta shigo ba mayafi. Ta ga kwalbar, ta ga gwiwar, ba ta ko kalle ni ba. Ta tsiyaya man riɗi a tsumma ta riƙa goge wurin tana sauya tsumma, sannan ta wanke da sabulu da ruwan sanyi. Duk da haka fatar ta riga ta tashi, ƙuraje masu ruwa sun fito. Ta juya ta faɗa wa Inna wata magana, Inna ta nufi ɗakin ajiya da gudu.

Na san abin da za ta ɗauko. Ta fito da garwa a ka, ta ɓalle murfin da wuƙa. Sitt ta sa hannu.

Wallahi na san in na yi shiru ba mai sani. Na kuma san abin da ruɓaɓɓen kitse zai yi wa ɗanyen ciwo a zafin garin nan. Ban san lokacin da na riƙe hannun Sitt ba.

"Inna, ki gaya mata kada ta sa! Ba zallan kaɗanya ba ne. An haɗa da kitse da kyandir."

"Ke! Yaushe kika sani?"

"Tun a hanya."

"Tun a hanya? Rakiya, kin san abin da kike cewa in faɗa mata?"

"Ki faɗa mata."

Inna ta faɗa. Sitt ta dube ni a karo na farko. Na ruga na ɗauko tandun Kaka na miƙa mata da hannuna mai raɗaɗi. Ba ta karɓa ba sai da ta sa aka kawo cokula biyu. Ta lakato na garwa a ɗaya, na tandu a ɗaya, ta ɗora su a bakin garwashi. Na Kaka ya narke garau, ƙamshinsa ya tashi. Na garwa ya yi kumfa, ƙarni ya cika tsakar gida, da ta ajiye shi ya huce sai wani farin ɓawo mai tauri ya hau kansa. Ta jefar da cokalin. Ta karɓi tandun ta shafa wa uwarta a hankali, ta lulluɓe da farin ƙyalle mai tsabta.

Da azahar ƙanen Sitt, Usman, ya iso. Ma'aikacin gwamnati ne, da farar riga da alƙalami a aljihu. Ban ji Larabcinsa ba, amma na ji kalmar 'yan sanda, don ta yi kama da ta Turanci. Inna ta fassara mini daga baya: baƙuwa ba takarda, ta ƙona masa uwa, kuma ta san da kayan algus ta yi shiru. Me ake jira? Sitt ta ce a jira kwana bakwai a ga gwiwar. In ta ruɓe, ita da kanta za ta kai ni.

Kwana bakwai ɗin nan ban san ɗanɗanon abinci ba. Kowane bugun ƙofa sai in miƙe tsaye. Ina tunanin Baba zai ji labari ko ba zai taɓa ji ba, da Kaka da aka yi algus da sunan manta. Washegarin ƙunar aka kawo malamin asibiti ya duba, ya ce ƙunar ba ta yi zurfi ba, a kiyaye tsabta, kada a fasa ƙurajen. Ya duba tafin hannuna ma, ya girgiza kai.

Inna ce ta riƙa ɗaure mini hannu, tana yi tana faɗa.

"Ke da kika yi boko, ba ki tambayi kanki me ya sa buhu guda ke ba da ɗan kofi ba? Ƙarfin buhun nan duka yana cikin kofin. Kakarki kanumfari nawa take dakawa?"

"Kamar cikin tafi."

"To ke kin zuba wa tsohuwa abin da ya fi ƙwarya. Wannan sunansa kawai mai, wuta ce a kwalba. Ɗigo uku a babban cokalin man riɗi ko na kaɗanya, shi ke nan. Kafin ki shafa wa mutum ki ɗiga kaɗan a cikin hannunsa, nan inda fata ke da laushi, ki bari ya kwana. Ba a kai shi kusa da ido. Ba a sha. Ba a sa wa jariri, mai ciki kuma sai an tambayi masana. Na lemo in kin shafa kada ki shiga rana. A rufe kwalba a ajiye a inuwa. Maimaita."

Na maimaita ina kuka.

"Da kin ɗauka rowa Sitt take yi, ko?"

Na sunkuyar da kai. Inna ta yi dariya har da tari. "Rowa! Bari in gaya mata, wataƙila ta yi dariya karo na farko a shekarar nan."

A rana ta uku Sitt ta zo sauya ƙyallen, Habboba ta ture hannunta ta nuna ni. Aka yi ta lallashi ta ƙi. Dole aka kira ni. Na durƙusa na wanke wurin, na shafa man Kaka a gefe-gefe. Ta daƙune fuska ta ja mini kunne da ƙarfi, sannan ta zaro gutsuren kisira daga mayafinta ta cusa mini a baki. Tun daga ranar ni nake yi, safe da yamma, Sitt na tsaye a kaina. Tandun yana raguwa, ina kallon ƙasansa ina addu'a ya kai.

Rana ta biyar Sitt ta jera mini kwalabe huɗu ba rubutu, ta yi nuni in shinshina. Na ce wannan sandal ne, wannan na'a-na'a, wannan kirfa. Ta huɗun na ce sandal ne amma an tsinka shi da wani mai da ya tsufa. Ta kwashe kwalabenta ta tafi. Inna ta ƙyafta mini ido.

Ranar Juma'a kwana bakwai suka cika. Bayan an sauko daga masallaci Usman ya shigo, tare da wani dattijo mai rawani. Da na gan su sai na zauna a bakin randa. Dattijon ya dube ni ya ce, "Sannu 'yata. 'Yar ina ce ke?" Hausa ce tsantsa. Ashe mai unguwar Hausawan garin ne, Inna ce ta je ta same shi ba ta gaya mini ba.

"Randagi, Baba. Ta Birnin Gwari."

"Allah sarki. Na bi ta Birnin Gwari ina saurayi. Dajin nan yana nan?"

"Yana nan, Baba."

Aka kwance ƙyallen. Ƙurajen sun bushe, sabuwar fata ta fito sumul, ba wari ba ruwa. Usman ya sunkuya ya duba, ya miƙe zai yi magana, Habboba ta ɗaga masa hannu. Ta yi magana mai tsawo, tana nuna ni, tana nuna ɗakin ajiya, tana buga gadon da tafinta. Inna na gefena tana raɗa mini.

"Ta ce tafin hannu kika cika mata, yadda ake yi wa uwa, kuma rabonta da wanda ya durƙusa a gabanta haka ta manta. Ta ce rashin sani ne, kuma laifin wanda bai koya miki ba ne." Sitt ta kau da kai. "Ta ce da kin yi shiru a kan garwar nan da kin tsira, ita kuma da ƙafarta ta tafi. Ta ce wanda zai kai ki wurin hukuma ya fara ɗaukar gadon nan da ita a kai."

Usman ya ciro alƙalaminsa ya mayar. Suka yi magana da mai unguwa da Sitt. Ana kiran la'asar dattijon ya matso kusa da ni.

"Rakiya, saurara. Ni zan tsaya miki shaida a ofishin jakadancin ƙasarmu, Usman kuma zai rubuta takarda cewa a gidan yayarsa kike aiki. Za a yi miki sabon fasfo. Yau ki rubuta wa babanki wasiƙa, akwai masu komawa gida jibi. Sitt ta ce gobe za ki fara zama a gaban tukunyar tagulla, ta kuma ce ki tambayi kakarki ko za ta riƙa aiko mata da mai ta hannun mutanen kirki. Ki kwantar da hankalinki, 'yata. Ba mai kai ki ko'ina."

Na yi masa godiya. Ina nan zaune sai na ji an ce, "Rugayya."

Habboba ce. Ta yaye mayafi ta miƙo gwiwar hagu, wadda ban taɓa ba. Ta nuna kwalbar kanumfari, ta nuna cokali. Sannan ta ɗaga yatsu uku ta kawo su daf da hancina, ta riƙe su a nan har sai da na gyaɗa kai.